Shafin da Ba Shi da Hoto

Ni na kawo shawarar, don haka kada kowa ya ɗora wa Hure laifi. Shekara biyu ke nan da iskar farkon damina ta yaye rufin firamaren ƙauyenmu, malamin ɗaya tilo ya ce sai an gyara zai dawo, masu gyaran kuwa har yau suna hanya. Na gaji da ganin yara suna gantali, sai na tara matan gidajenmu huɗu a tsakar gidan Hure, matar wan mijina, na ce mu koyar da su da kanmu. Ni ce na yi aji uku na ƙaramar sakandare kafin aure, shi ya sa kowa ta ce ai ga malama nan, Aina'u. Na ji daɗin sunan fiye da yadda ya kamata.

Yara goma sha ɗaya muka fara da su, kullum da hantsi a gindin darbejiya. Maryamu maƙwabciyarmu ta ɗauki ƙidaya, tana raba musu ɓawon gyaɗa suna tarawa kashi-kashi. Hure ba ta san ko alif ba a boko, amma akwai ta da dabara. Ita ce take zana gidaje a ƙasa da toka, yaro ya yi tsalle daga wannan zuwa wancan yana cewa biyu sau biyu huɗu, biyu sau uku shida, wanda ya ɓata ya koma farko ana yi masa tafi. Ranakun mako, watannin shekara, ƙananan hukumomin Kano arba'in da huɗu, duk mun sa su a waƙa, har mata masu daka a maƙwabta suka iya.

Littafin karatu kuwa nawa ne, kuma guda ɗaya ne. Kowane shafi da hotonsa a sama, da layi uku a ƙasa. Sai in ɗaga shi, in karanta, su maimaita, in sake, su sake, kamar yadda aka yi mana a aji. Ramlat 'yar Hure ta fi kowa. Kafin in gama buɗe shafi ta fara: “Ga akuyar Jamil. Akuya tana cin harawa.” A wata biyar ta haɗiye shafi talatin da biyu, ko tuntuɓe ba ta yi.

Wata rana surukina, Baba Dallatu, ya shigo ɗaukar fartanya, ya tsaya yana saurare. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, “Aina'u, mu da muka yi allo sai da aka tsare mu a kan babbaƙu, muka san kowane harafi shi kaɗai, sannan aka yi zancen hadda. Yaran nan sun san baƙi kuwa?”

Na ce, “To, Baba.” A zuciyata kuwa cewa na yi, me tsoho ya sani a boko? Har na ba Hure labari muka yi dariya.

Da kaka ta kama, mai unguwa ya sanar cewa wata ƙungiya ta buɗe makaranta a wajen Bagwai, karatu da abincin rana kyauta, har da motar ɗaukar yara. Kowane ƙauye ya kawo yaro ɗaya a gwada shi, kuma kada ya wuce shekara takwas. Ramlat za ta cika tara kafin azumi, wato ko bana, ko babu. Hure ta kama hannuna ta ce, “Ni dai in ga ranar da za ta karanta min takardar asibiti ba sai na kai wa wani ba.” Na ce ta kwantar da hankalinta, in Ramlat ba ta ci ba to babu yaron da zai ci a ƙasar nan. Haka na faɗa, da bakina.

Hashimu, uban yarinyar, ya bar tsinkar gyaɗa ya ɗauke mu a babur, ni da ita. A hanya tana ta bitar shafukan, shi kuma yana gyaɗa kai yana ƙara wuta.

Mai gwajin wani Malam Kamaruddeen ne, mutum mai sanyin magana. Ya tambaye ta bakwai sau takwas, ta ba shi kafin ya rufe baki. Ya ce ta kawo ƙananan hukumomi biyar, ta zuba masa arba'in da huɗu da waƙarsu, har malaman da ke gefe suka juyo. Ina tsaye a bakin taga kaina kamar zai taɓa rufi.

Sai ya ɗauko wani farin kati ya ajiye a gabanta. Daga inda nake ina iya karantawa: Ruwa ya cika tulu. Kalma huɗu kacal.

Ramlat ta dubi katin. Ta juya bayansa, ta sake juyowa. Ta ɗago ta neme ni da ido, na yi mata alama ta ci gaba. Sai ta gyara tsayuwa, ta sa hannu a ƙirji yadda na koya musu, ta ɗaga murya: “Ga akuyar Jamil. Akuya tana cin harawa.”

Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi min sauƙi. Malamin ya sa yatsa a kan harafin farko ya ce, “'Yata, wannan mene ne sunansa?” Ta girgiza kai. Ya nuna wani, ta sake girgiza kai. Ya ce ta je, Allah ya yi mata albarka. Ya fito ya same ni ya ce, “Malama, yarinyar nan tana da kai, irin wanda ba a cika samu ba. Amma ba ta fara karatu ba tukuna. Da a ce shida take da mun ɗauke ta.”

Hashimu ya tayar da babur muka juyo gida. Da muka isa ya sauke mu, ya cire hula ya karkaɗe, ya ce wa Hure daga gobe yarinya ta bi su gona, gyaɗa ba ta jira. Hure ba ta zage ni ba. Ruwa ta kawo min a kwano ta ce, “Sannu da hanya, Malama.” Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma na tsani sunan nan tun daga lokacin.

Labari ya zaga kafin la'asar. Washegari Maryamu ta aiko cewa nata biyun suna da aiki, sauran ma ko aike ba su yi ba. Na zauna a gindin darbejiya ni kaɗai da littafin a cinya, ina kallon gidajen toka da kaji suka tattake.

Sai ga Ramlat da kwandonta, za ta gona. Na kira ta. Na ce ko ba komai yau za mu fara daga inda Baba ya ce. Na ɗebi toka na rubuta sunanta a ƙasa da manyan baƙaƙe, harafi shida, na ce, “Duba da kyau. Me na rubuta?”

Ta sunkuya ta daɗe tana dubawa, da gaske take son ta faranta min. Daga waje ubanta ya ƙwala mata kira. Ta ɗauki kwandon ta ɗora a ka, ta ce, “Anti, ki zana hoton kafin in dawo. In na ga hoton zan iya.”