Audugar Gefen Hagu

"Ƙara auduga a gefen hagu," in ji Malama, tana dafe da teburin yanka saboda jiri. "Kada Inna ta ji bambanci in ta taɓa ni."

Mai ɗinki ta cire allura daga bakinta. Katanga ɗaya ta raba gidajensu, kuma ita ta ja Malama zuwa gwajin ciwon dajin nono shekarun baya. A hoton aka ga ɗan abu da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Likita ta ce ba abin tashin hankali ba ne tukuna, amma a riƙa dawowa ana duba shi. Malama ta koma sau ɗaya. Daga nan mahaifiyarta ta makance, ta faɗi ta karya ƙugu, jinya ta cinye ranakun asibiti. Abin da ba ya ciwo kuwa, yau da gobe sai a manta da shi. Da ya tashi, nonon gaba ɗaya aka cire, kuma ya riga ya bi jiki. Lokacin aikin, an ce wa Inna taron malamai 'yarta ta tafi.

"Da kin yi magana, ai da na zauna miki da ita," in ji mai ɗinki, ranta a ɓace.

"Da na sani ƙeya ce. Ke dai ɗinka. In ta gane, cewa za ta yi jinyarta ce ta kashe ni. Gara ta ci gaba da zagina a kan gishirin miya."

Haka mai ɗinki ta yi ta rage riguna tana gyara auduga, har ranar da Malama ta kasa tashi daga tabarma. A asibiti ta cika. Aka ce wa tsohuwa zazzaɓi ne.

Da 'yan gaisuwa suka watse, mai ɗinki ta lallaɓa ɗakinsu don ta kwashe rigunan Malama kafin Inna ta laluba su. Ta fara tattara su.

"Ajiye," in ji Inna daga kan gado. "Na san takunki."

"Wankewa zan yi, Inna."

"Ke da ita duk ba ku iya ƙarya ba. Kullum ita ke ɗaga ni, kaina a ƙirjinta. Auduga ba ta ɗumi, 'yar nan."

"Kin sani, kika yi shiru?"

"Ta sha wahalar ɓoyewa. In hana ta ladan?" Ta ɗan nisa. "Abu ɗaya ne ban sani ba. Saboda ni ta ƙi komawa wurin likita?"

Mai ɗinki ta buɗe baki, ƙaryar ta ƙi fitowa. Inna ta jira, sannan ta gyaɗa kai a hankali.

"Miƙo min ɗaya."

Inna ta laluba rigar har ta sami gefen hagu. Ta kwanta tana fuskantar bango, ta ɗora kumatunta a kan audugar.