Rigar da Goggo Ta Binne

Ranar kasuwar Ruma wata tifa mai jidar yashi ta buge Surajo. Yana tafe a gefen hanya da igiyar akuya a hannu, motar ta kauce wa rami ta yi kansa, kuma ba ta tsaya ba. Ƙashin cinyarsa ta dama ya karye. Mutanen Tungar Gawo suka ɗora shi a amalanke zuwa gidan mai ɗori, domin a wurinsu karaya ba ta asibiti ba ce. Aka ɗaure ƙafa, aka yi addu'a, aka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Kafin ƙashin ya kama, 'yan bindiga suka matsa wa tungar har kowa ya watse. Surajo da matarsa Hansatu da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Goggo, suka samu wurin raɓawa a bayan garin Batsari. A can aka kwance ɗori, aka ga ƙafar ta haɗe a karkace, ta gaza 'yar'uwarta tsawo. Ba ya iya riƙe garma, ba ya iya bin shanu. Likita ya ce sai an sake karya ƙashin an daidaita shi, in kuma aka ja lokaci ba zai gyaru ba. Aikin ya fi ƙarfin gidan.

Da haka Hansatu ta je wurin Malama Mahfuza, wata lauya da ke zuwa Batsari tana sauraren waɗanda ba su da mai tsaya masu. Malamar ta bar ta ta kai ƙarshen labari, sannan ta fara tambaya.

"Akwai takardar asibiti ta ranar da abin ya faru?"

"Gidan mai ɗori aka kai shi."

"Mai ɗorin fa?"

"Allah ya yi mashi rasuwa bara."

"Allah ya jiƙan shi. An sanar da 'yan sanda?"

"Manya suka ce a bar wa Allah."

"Ba wanda ya ɗauki hoto?"

"Ƙanensa Usaini ya ɗauka. Aka ce ba kyau ajiye hoton jini a waya, ya goge."

Malama Mahfuza ta aje biro. Ta ce labarin ya riga ya iso mata, har ta tuntuɓi masu kwangilar da ke jidar yashi a wannan hanya, sun ce ba motarsu ba ce. Sun ce ma su labarin da suka ji, ba mota ba ce, sa ne ya tunkuyi mutumin.

"Ni na yarda da ke," in ji ta. "Amma yardata ba shaida ba ce. Samo mani mutum ɗaya da ya gani, ko abu ɗaya da ya taɓa jikin motar nan, ko da tsumma ne. In kin samu, kada ki wanke, kada ki kakkaɓe. A ɗauki hotonsa a inda yake kafin a ɗaga."

Hansatu ta ɗauka shaida ba zai yi wuya ba. Rabin tungar na kan hanya ran nan. Ta fara da Umaru mai shayi, wanda ya kama kafaɗun Surajo aka sa shi a amalanke. Yanzu a bakin tasha yake da teburinsa. Suka gaisa, ya tambayi mai jiki, ya tambayi Goggo. Da ta faɗi abin da ya kawo ta sai ya tsaya da ludayi a hannu.

"Mota? Ni dai sa na tuna. Wani baƙin sa mai karyayyen ƙaho."

Ta je wurin Hassana, maƙwabciyarsu ta da, wadda ta fi kowa kuka ran nan tana tsine wa direba. Hassana ta dafa ta cikin tausayi ta ce, "Wace mota kuma, Hansatu? Ba baƙin san nan ba ne, mai guntun ƙaho?"

Hansatu ta duba idanunsu, ba ta ga ƙarya ba, ba ta ga alamar an saye su ba. Abin da suka tuna suke faɗi. Ita kuwa ta san shanun tungar kamar yadda ta san 'ya'yan maƙwabta, ba a taɓa yin baƙin sa mai karyayyen ƙaho a cikinsu ba.

Da ta koma gida ta iske Surajo a inuwar katanga yana tufka igiya, sana'ar da ta rage masa ke nan. Ya saurari yadda ta yi, hannunsa bai daina murza ba. Can ya ce, "Hansatu, anya kuwa ba san nan ba ne? In na rufe ido ina ganin ƙahonsa."

Mutumin da ya kwana yana sambatun tifa a gidan mai ɗori ke nan.

Goggo na gefe tana tsince wake a faifai. Ba ta kiran sunan Surajo, kunyar ɗan fari, ba ta ma yi masa kallon ido da ido. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ki bar wancan ya huta. Na binne ta."

"Mi kika binne, Goggo?"

"Rigar, da wandon, da abin da mai ɗori ya ciro a cikin naman. Jinin namiji ba a barin rana ta gan shi. In an binne, tsautsayin ya kwanta ke nan. Mutane su manta, mai shi ma ya manta. Haka uwata ta yi wa ubana da ya faɗo daga rimi, har ya rasu bai ƙara tuna rimin ba." Ta watsa wa kaji tsakuwar da ta tsince. "Ga shi ya kusa mantawa. Kada ki tashe shi."

Hansatu ta tambaye ta wurin, Goggo ta yi kamar ba ta ji ba. Sai a lokacin Hansatu ta tuna samirarta mai murfi, ta kayan aure, wadda ta ɓace a makon haɗarin. Ta tuna kuma ta ga Goggo ran nan da jar ƙasa a gwiwoyi, tana fitowa daga bayan rumbun gero.

Washegari da hantsi Usaini ya goya ta a babur suka nufi tungar. Tsakaninsu akwai wasan ƙanen miji, shi ya sa tun daga gari yake tsokanarta don kada tsoro ya samu wurin zama.

"Matar Yaya, in 'yan bindiga suka tare mu ke zan bar masu. Ni ina da babur da zan kula da shi."

"To kai wa zai ɗauka? Ko sun ɗauke ka, buhun ƙaiƙayi za mu kai fansa, su ba mu canji."

Da suka wuce gonakin ƙarshe da ake nomawa, wasan ya ƙare da kansa. Ciyawa ta cinye hanya, ta koma siririya kamar ta awaki. Usaini ya kashe babur tun kafin su isa, ya tura shi cikin sabara, suka ƙarasa da ƙafa.

Rana tsaka suka shiga Tungar Gawo. Gero ya fito da kansa a tsakar gidaje, ya yi kai, ba mai kora masa tsuntsu, kuma ba tsuntsun. Tafasa ta kai ƙirji a ƙofar masallaci. Turmin Hassana na nan a kife inda ta bar shi. Ba carar zakara, ba kukan akuya, ba ko ƙuda. Hansatu ta yi sallama a ƙofar gidanta don bakinta ya saba, muryar ta shiga ɗakunan ta dawo mata.

Jinkar rumbun ta rufta, amma gindinsa na tsaye. A kewayensa ciyawa ta kwanta, ƙasa ta daddale da sawun kofato. Sawun dabba ɗaya ne, ya zagaya rumbun, ya sake zagayawa, har ya yi hanya, kamar dabbar da aka ɗaure a turke.

"Cikin shanun da 'yan bindiga suka kora ne wani ya ɓalle," in ji Usaini. Ya faɗa a hankali, kuma bai dube ta ba.

Ta zagaya bayan rumbu ta fara sara da fartanya. Ƙasar ta yi tauri. Ta yi ta sara har zufa ta shiga idonta, sannan ƙarfe ya daki ƙarfe. Ta durƙusa ta share da hannu, sai ga murfin samira mai zanen jan fure, an naɗe bakinsa da tsumma an shafe da laka.

"Ɗauki hoto kafin in ɗaga," ta ce.

Usaini bai ɗaga wayar ba. Ta ɗago kai. Yana kallon inda darni ya faɗi. Wani baƙin sa na tsaye a wurin, ƙato, ramamme, ƙahonsa na hagu a karye. Ba ya tuƙa, ba ya kaɗa wutsiya. Su kawai yake kallo.

"Matar Yaya," in ji Usaini, "ai shi ne. Wallahi shi ne. Ina wurin, na ga lokacin da ya sunkuyar da kai."

"Kai ka ɗauki hoton sawun taya ran nan, Usaini."

"Wace taya?"

Hansatu ta buɗe baki za ta tuna masa, sai ta ji abin na zame mata. Ta san ta iso wurin da gudu ran nan, ta san ta ga jini a kan jar ƙasa. Amma sawun da ke gefen jinin, na taya ne ko na kofato? Ta nema ta rasa. San ya ɗaga ƙafa ɗaya ya shigo cikin gidan.

Ta karɓe wayar daga hannun Usaini ta danna da kanta, ta danna ta sake dannawa. Sannan ta sa farce ta ɓamɓare lakar ta ɗaga murfin.

Wari ya bugo su, warin baƙin mai da ƙonanniyar roba, sabo kamar yanzu motar ta wuce. Gara ba ta samu shiga ba. Rigar na ninke, jini ya mai da ita baƙa, ta sandare. A kan wandon zanen taya ya fito ɓaro-ɓaro daga gwiwa zuwa ƙugu, ga fenti ruwan ɗorawa ya goge a jikinsa. A ƙasa kuma akwai wani guntun ƙarfe mai kaifi, tsawon yatsa, mai irin wannan fentin.

Usaini ya toshe hanci ya ja da baya. Ya daɗe yana kallon cikin samirar.

"Tifa ce," ya ce. "Ruwan ɗorawa. Na bi ta da gudu ina jifa."

Da suka waiga, bayan san kawai suka gani yana shiga cikin geron. Karan bai ko motsa ba. Hansatu ta mai da murfin, ta ɗaure samirar da gyalenta ta goya kamar jariri.

Da suka isa Batsari sun makara, Malama Mahfuza ta tashi, sai gobe. Hansatu ta tura samirar ƙarƙashin gado ba ta gaya wa kowa ba.

Da safe ta je ɗibar ruwa. Tana dawowa ta iske Goggo a tsakar gida da baho cike da ruwa, ga sabulu a gefe, ga samirar a buɗe. Tsohuwar ta ɗauko rigar tana riƙe da ita a saman bahon.

"Goggo, don Allah," in ji Hansatu, tulu na kanta ba ta sauke ba.

"Tunda kin tono, sai a wanke a sake binnewa. Ba a barin ta haka."

Surajo ne ya jawo jiki daga inuwar katanga. Ya miƙa hannu cikin samirar ya ɗauko wandon, ya kai shi hancinsa. Ya daɗe a haka. Da ya sauke, fuskarsa ta canza.

"Direban jar hula gare shi," ya ce. "Ya leƙo ta taga ya dube ni ina ƙasa. Ya dube ni sosai, sannan ya ja."

"Kin gani," Goggo ta ce wa Hansatu. "Kin tashe shi. Yanzu zai ji ciwon sabo fil."

"Goggo," in ji Surajo, "ciwon bai taɓa kwanciya ba. Abin da ya kawo shi ne kawai na rasa."

Rigar na hannun tsohuwar, gefenta na neman taɓa ruwa. Sai ta ɗago kai ta dubi ƙafar, tun daga cinya har dunduniyar da ba ta kai ƙasa ba, irin kallon da ba ta taɓa yi masa a gaban mutane ba. Ta ninke rigar yadda take, ta mai da ita cikin samira, ta karɓi wandon daga hannunsa ta ɗora, ta rufe. Ruwan bahon ta tuttule shi a gindin katanga.

"Ku kai," ta ce. "In sun gama gani a maido mani. Ba a barin jinin mutum a hannun baƙi."

Hansatu ta sauke tulu ta ɗauki samirar. Ta kai ƙofa sai ta ji ƙarar sanda a bayanta. Surajo ya miƙe, yana gyara hula.

"Jira ni," ya ce. "Ni zan gaya wa Malamar da bakina."