Babban Yatsan Ba-Zama

A kamfanin kujeru Ba-Zama ake kiransa, don shekara goma sha ɗaya yana yanka katakon abin zama, amma ba wanda zai rantse ya taɓa ganinsa zaune. Wata Talata da hantsi katako ya kuɓuce masa, zarton inji ya tafi da babban yatsansa na dama, ya tsarge na kusa da shi.

Ya kwana tara a asibiti. Likita ya ce ya huta wata biyu, hutun nan kuwa ya fi ciwon damunsa. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya leƙa titi, ya dawo. Ya kama gyaran ƙofar banɗaki da hannun hagu har ƙofar ta faɗo gaba ɗaya. Matarsa, wadda ke ɗinki a falo, ta ɗage ƙafa daga keke.

"Baban yara, don Allah ka zauna, jiri kake sa ni. Sau biyu ke nan ina karkata wuyan rigar mutane."

"In zauna in yi me? In ƙirga ƙudaje?"

Kwana uku da sallamarsa manajan kamfanin ya zo dubiya, da ledar lemo da ambulan da wata takarda.

"Kamfani ba ya manta nasa," in ji shi. "Ga ɗan abin sayen magani. Sai ka sa hannu a nan, cike takarda ne kawai."

Ba-Zama ya ɗaga hannunsa da ke naɗe da bandeji. "Da wanne, yallaɓai?"

Manaja ya zaro tawada daga aljihu. "Dangwale ma ya isa."

"Ai yatsan dangwalen yana wajenku. A ƙarƙashin inji na bar shi."

Kafin manaja ya ce a kawo na hagu, matar ta miƙo hannu ta karɓi takardar. Ta karanta a hankali, tana bin layi da tsinin almakashi. An rubuta cewa shi ya cire murfin zarton da kansa, kuma ya yafe duk wata diyya.

"Ni na cire?" Ba-Zama ya fara zagaye tebur. "Ba kai ka ce a cire ba, lokacin kwangilar bencin makaranta, wai yana rage mana gudu?"

"A dai yi tunani. Aikinka na nan, amma ba zai jira ka har abada ba."

Ya tafi da takardar da ambulan, ya bar lemon. Bai lura matar ta ɗauki hoton takardar da waya ba.

Da yamma yayarsa ta zo. Shekara ashirin tana shara a kotu, ta san kowane lauya da irin takardun da yake zubarwa. Ta dubi hoton, ta ja tsaki.

"Ƙanena, na ga ƙarti suna kuka a baranda saboda sa hannun minti ɗaya. Gobe da safe ka shirya."

Ta kai shi ofishin wasu lauyoyi masu tsaya wa ma'aikata kyauta. Awa biyu suna jira, ya auna barandar da ƙafa ya fi sau hamsin. Lauyar, wata mai tabarau, ta karanta takardun asibiti, ta tambaya ko ya sa hannu a wani abu. Ya ce a'a.

"Madalla. Wanda ya ji rauni a bakin aiki yana da haƙƙin magani, da albashin kwanakin jinya, da diyyar abin da ya rasa. Ba alfarma ba ce. Amma neman yana da wa'adi, kada ka yi jinkiri."

"Jinkiri? Wannan?" in ji yaya. "Wata bakwai aka haife shi."

Saura shaida kan maganar murfi. Dogo, abokin aikinsa, shi ya kwance murfin da hannunsa bisa umarnin manaja. Sau uku Ba-Zama yana zuwa gidansa, ana cewa ba ya nan, alhali ga babur ɗinsa a ƙofa. Bai ga laifinsa ba, 'ya'ya biyar ne a gidan. Amma abinci ya daina shigarsa. Ya riƙa kiran lauya safe da rana, har ta roƙe shi ya bari sai in ita ta kira.

Ranar Lahadi sai ga Dogo da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula.

"Jiya suka ɗora ni a kan injinka. Har yanzu ba murfi. Yini na yi ina ƙirga yatsuna. Ina ake ba da shaidar?"

Wata biyar aka yi ana ja a kotu. A sa rana, a ɗage, lauyan kamfani ya ce ba shi da lafiya, a sake ɗagewa. Bandeji ya fita, hannun ya warke, amma ko kofi sai ya tallafa da na hagu. A ƙarshe kamfanin ya nemi sulhu. Ya biya magani da albashi da diyya, ƙasa da abin da lauya ta nema, sama da abin da Ba-Zama ya taɓa zato. Aka mayar da murfin zarto. Shi dai Ba-Zama bai koma kamfanin ba, wani mai sayar da katako ya ɗauke shi aikin tantance kaya, don idonsa na gane mai tsutsa tun daga kan mota.

Sati biyu bayan sulhun aka sallami Dogo, wai aiki ya yi ƙaranci. Ba-Zama na ji ya nufi gidansa, ya ce zai ba shi wani abu daga diyyar. Dogo ya girgiza kai.

"Kuɗin yatsanka ne, ba na ci. Kai dai ka kai ni wajen matar nan mai tabarau. Ko gobe, ko jibi."

"Wane gobe? Ƙarfe huɗu suke tashi. Ta da babur."