Keken da ke cikin gilashi

"Wai ke, duk karatun injiniyan nan naki, keken ɗinki ya gagare ki?" na ce da babbar 'yata.

Ta ɗago daga ƙarƙashin keken, hannu duk baƙin mai. "Umma, na gano ciwon fa. Ɗan ƙarfen da ke riƙe allura ne ya karye, kuma tuntuni aka daina yin irinsa. Da na je kasuwa dariya suka yi min."

Ga kayan 'yan makaranta da aka ba ni ɗinki jibge a kan gado, hutu ya kusa ƙarewa. Mai makarantar ta riga ta aiko, in ba zan iya ba in faɗa ta kai wa telan bakin titi. Da aikin nan muke ci.

Ana cikin haka jami'arsu ta kira iyaye bikin ranar kafuwarta. Da ba zan je ba, 'yar ta ce sai na je, har jawabi aka ba ta. Na yi sallar azahar, na ja mayafi.

Aka zuba mu a wani ƙaton ɗaki, fankoki a sama kamar ado. Shugaban jami'a ya miƙe cikin riga mai nauyi, zufa na bin wuyansa, ya ɗauko tarihi. Wai marigayin da ya kafa wurin, Allah Ya jiƙansa, a rumfa ya fara, yana gyaran kekunan ɗinki. Daga rumfa sai aji, daga aji sai ga benaye. Kuma wasiyya ɗaya ya bari, ita ce ma rubuce a bango: kayan aiki ba ya zaman banza.

Sai aka yaye wani mayafi. Ga keken marigayin a cikin akwatin gilashi, fitila na haska shi. Ashe al'adarsu ce, duk sabon ɗalibi sai ya dafa gilashin ya maimaita wasiyyar. Yara suka yi layi suna dafawa, wani mutum na binsu da tsumma yana goge sawun hannu.

Na matsa na leƙa. Irin nawa ne sak, har zanen furen jikinsa. Ga ɗan ƙarfen nan lafiya lau, yana ƙyalli.

'Yata ta ga inda idona ya tsaya. Ta riƙo mayafina. "Umma, don girman Allah."

"Sata zan yi? Tambaya ce."

Aka ce iyaye masu tambaya su ɗaga hannu. Na ɗaga, na dubi shugaba.

"Ranka ya daɗe, keken nan yana aiki?"

"Ƙwarai kuwa, Hajiya. Kamar jiya aka saye shi."

"Wa ke ɗinki da shi?"

Ya yi murmushi. "Ai tarihi ne. Tun rasuwarsa ba a taɓa shi ba."

Na gaya masa halin da nake ciki, ban ɓoye komai ba, har telan bakin titi. Shugaba ya dubi mataimakinsa, mataimaki ya dubi mai tsumma, mai tsumma ya dubi bangon da aka rubuta wasiyyar.

Na ce, "Ba duka nake so ba, ranka ya daɗe. Ɗan ƙarfen kawai. Ɗalibarku ce za ta kwance shi, ga ta nan ta sunkuyar da kai. Ku ara min in gama kayan yaran nan, in dawo muku da shi a goge."