Karen da Sanda Ya Horar

Mijina Sanda jikan mafarauta ne, kuma ba ya bari a manta. Da muka zo Greensboro a 1980 don ya karanta ilmin dabbobi, bai yi kewar tuwo ba, bai yi kewar 'yan'uwansa ba, Allah ya yafe masa. Karnuka yake kewa. Ni kuwa ko inuwar kare ba na so ta taɓa zanena.

Mun kama ɗaki biyu a gabashin gari, a bayan gidan wani dattijo baƙar fata mai suna Odel, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse. Shi ya koya wa Sanda tuƙi, shi ya kai ni asibiti ranar da na haifi Bebi, ya zauna a kan benci awa tara. Sanda maraya ya tashi, sai ya riƙe tsohon nan hannu bibbiyu. Baba muke ce masa, kuma babu abin da Sanda ke nema a ƙasar nan kamar Baba ya yi alfahari da shi.

Wata Asabar wani Bature da suke aikin sito tare a Wendover ya kai shi wani fili a Pleasant Garden. Ya dawo bakinsa har kunne. Wai wasa ne da aka ɗauko daga Jamus, irin horon da ake yi wa karnukan 'yan sanda: kare ya bi sawu, ya bi umarni, sannan ya kama mutum. Wanda za a kama yakan zura hannunsa cikin wani kube mai kauri na buhu, ya ɓuya, ya fito da gudu, kare ya bi shi ya cafke.

“Rumasa'u, ba ki ga discipline ba! Da kalma ɗaya kare ya saki. In na koma Kano da wannan training…”

“Ka dai koma da digirinka,” na ce. “Kuma ka tuɓe kayan nan a waje kafin ka taka min shimfiɗar salla.”

'Yan ƙungiyar duk suna da karnuka, amma babu mai son tsayawa a cije shi. Sanda kuwa ba ya ko ƙifta ido. Nan da nan ya zama ɗan gaban goshinsu, musamman wajen horar da wani ƙaton kare mai suna Arko.

Da ranar gasa ta zo, har da alƙali daga Jamus, sai Sanda ya tuna al'adar gidansu. A can, in saurayi zai nuna bajinta a bainar jama'a, babbansa ne ke zama a sahun gaba, in ya gama ya zo ya durƙusa masa. Ya gayyaci Baba. Wasan karnuka kawai ya ce masa, don yana so ya ba shi mamaki. Baba ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, har da malafa.

Muna zama na lura cewa a duk filin mu kaɗai ne baƙaƙe. Ban kawo komai a raina ba, wautata ke nan. Aka zo kan kamu. Sanda ya fito da gudu, Bature ya daka wa Arko tsawa da Jamusanci, karen ya tashi sama ya cafke shi, suka zube ƙasa tare. Fili ya ɗauki tafi da fito. Ni ma na tafa, kuma har yau ina jin kunyar tafin nan.

Sanda ya taso duk ciyawa a kansa, ya nufo mu, ya durƙusa a gaban Baba, ya ajiye kuben nan mai yawun kare a ƙafafunsa, ya ɗaga hannu ya yi masa jinjina. Baba bai dube shi ba. Ya ɗauki malafarsa daga kan gwiwarsa. Ya miƙe a hankali ya tafi ya zauna cikin mota, muka bi shi muka koma gida.

Da la'asar ya kira mu baranda. Ya cire kwat, ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa. Shekara biyu muna tare, ban taɓa ganinsa da gajeren hannu ba. Daga gwiwar hannu zuwa sama naman ya tattare, wani wurin ya lotsa.

“A sittin da uku ne,” in ji shi, “a wani gari can kudu. Rajistar zaɓe muka je yi, muna tafe muna waƙar coci, sai 'yan sanda suka sakar mana karnuka. Su ma waɗanda ke gefen titi sun tafa.”

Sanda ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. “Baba, wallahi ban sani ba. Wasa ne kawai.”

“Kai ka san wasa ne. Wata nawa karen nan yana kama ka?”

“Goma sha ɗaya.”

“Ban da kai, wa ya taɓa kamawa?”

Sanda ya sunkuyar da kai. “Babu kowa.”

“Wato baƙar fata kaɗai ya saba kamawa. Yanzu da ya ci gasa, ina za a kai shi?”

Sanda ya sani, don shi da bakinsa ya ba ni labari yana murna: 'yan sandan wani gari a wata jiha sun daɗe suna son Arko.

Washegari tun da sassafe ya tafi Pleasant Garden, wai zai roƙi mai karen ya bar masa shi, ko nawa ne. Ni da ba na son kare, ranar na yi addu'a ya dawo da shi, ko a ɗakina zai kwana. Da hantsi ya dawo shi kaɗai. Tun jiya bayan gasa aka saka Arko a mota.

Ya sami Baba yana shirin tafiya coci, ya faɗa masa. Baba ya tambayi sunan garin, Sanda ya faɗa. Tsohon ya daɗe yana gyara maɓallin hannun rigarsa.

“Na yafe maka, baƙo ne kai,” ya ce. “Amma can ma akwai baƙaƙe irinmu da yawa.”

Ya sauka daga baranda ya tafi. Sanda ya tsaya a wurin, ƙato da shi, yana kuka a gaban maƙwabta.