Suma Ce, Ba Rasuwa Ba

Matata tela ce, kekenta yana ɗakin shiga, gefen taga. Karatunta bai wuce aji huɗu na firamare ba, amma shekara biyu ke nan da ta ɗora wa kanta koyon Turanci. Tana taka keke, wayarta na jingine da gwangwanin maɓallai, wata malama na magana a ciki, ita kuma tana maimaitawa.

Abin da ya fi ba ta wuya shi ne kalmomin nan masu ɗan wutsiya. Wata rana ta ce mini, "Baban yara, ji wani ikon Allah. Give bayarwa ce, amma da ka maƙala mata up sai ta koma saduda. Waɗanne irin mutane ne waɗannan?"

Na ce, "Mu ma ai muna cin tuwo, mu ci kasuwa, mu ci mutunci, duk da baki ɗaya."

Ni direban motar kaya ne, Turancina na allon hanya ne. Gaskiya na sha tsokanarta. Baturiya nake ce mata, in tambaye ta yaushe jirginta zai tashi.

Ranar wata Asabar da hantsi ina wanke mota sai kuka ya ɓarke a gidan maƙwabcinmu, dattijon nan mai gyaran agogo. Na yar da bokiti, matata ma ta fito da tef ɗin awo a wuya. Muka tarar da tsakar gida ta cika, uwar gidan tana zube a tabarma, mata biyu na riƙe da ita.

Babban ɗansu mai walda ne a wata ƙasa mai nisa. Shugabansa na wurin aiki ne ya turo saƙon murya da Turanci, aka kira ƙanin mai gidan ya fassara. Lauya ake ce masa, ba don ya karanta shari'a ba, don dai bakinsa ba ya mutuwa. Yana jin farkon saƙon ya ajiye waya, ya yi salati, ya ce yaro ya rasu.

Matata ta durƙusa gaban dattijon. "Baba, a ba ni wayar in saurara."

Lauya ya ce, "Haba, ke kuma! Wannan fa ba awon riga ba ne."

Dattijon bai ko dube shi ba, ya miƙa mata. Ta kara a kunne, ta toshe ɗayan da yatsa. Ta saurara sau ɗaya, ta sake, ta kuma sakewa.

"Baba, ɗanka yana da rai."

Duk aka juyo ana kallonta, ta ci gaba.

"Passed away ita ce rasuwa. Shi wannan passed out ya ce, suma ke nan. A ƙarshe kuma ya ce he has come round, wato ya farfaɗo. Yana asibiti."

Lauya ya ce duk pass pass ce. Na ce a raina, in matar nan ta yi kuskure, mun kashe musu ɗa sau biyu ke nan. Na matsa zan ja mayafinta, amma tuni ta danna kiran lambar da ta turo saƙon, ta buɗe murya kowa na ji.

Wani mutum ya ɗauka, yana magana kamar ana korarsa. Matata ta ce masa ya sassauta, ya kuwa sassauta. Ta faɗa masa ita maƙwabciya ce, uwar yaron tana nan kusa, don Allah ya ba shi wayar. Kalma ɗaya-ɗaya take ajiyewa, amma mutumin bai ce ta maimaita ko sau ɗaya ba.

Can sai muka ji, "Umma? Ni ne. Zafi ne kawai ya kwashe ni, ban karya ba na shiga aiki."

Uwar ta yi wuf ta fizge wayar, tana kuka tana yi masa faɗa a kan wasa da cikinsa. Dattijon ya kifa goshi a ƙasa. Da ya ɗago sai ya kalle ni ya ce, "Direba, Allah ya ba ka mata." Lauya dai cewa ya yi lasifikar wayar ce ba ta da kyau.

Muna fitowa ƙofar gida matata ta tsaya cak ta ce, "Riƙe ni, ƙafafun nan ba nawa ba ne."

Shekara ashirin da uku da aurenmu ban taɓa riƙe hannunta a titi ba. Ranar na riƙe, a gaban mai shago da masu faci da kowa da kowa, kuma ban yi sauri ba.