Rokar Da Ta Yi Ɓatan Kai

Yaƙin ƙasar da ke ƙetaren kogi ya daɗe yana ci kafin sojojin ƙawance su tuna da garin. Malama Babba, shugabar firamaren da ke ƙarshen gari, ta saba da dirin manyan bindigogi daga nesa, har takan ci gaba da duba aikin yara ba tare da ta ɗaga kai ba. Mijinta ya rasu, ɗanta guda kuma soja ne a barikin babban birni. Abin da ya rage mata a kusa shi ne makarantar, sai ƙanenta, wanda ya yi shekaru yana zaman jiran aiki har yaƙi ya share masa hawaye: an ɗauke shi tafintan sojojin ƙawance. Tun daga ranar kowa ke kiransa Tafinta, shi ma kuma ya daina amsa wani suna.

Wata safiya ya shigo ofishinta sanye da rigar sulke da ta fi ƙarfin kafaɗarsa.

"Yaya, albishirinki. An zaɓi makarantarki."

"Gasar karatu za a yi?"

"Sansani za a kafa. Kanar ya ce duk garin nan babu inda ke kallon kogi kamar nan."

Ta cire tabarau ta dube shi. "To yaran fa? Su ma bindiga za a raba musu?"

"Ba ki gane ba ne, Yaya. Ba faɗa suka zo yi ba, zuwa suka yi a gan su. In na ƙetare ya leƙo ya ga tutocin ƙasashe reras, jikinsa zai yi sanyi. Yarjejeniyar ƙawance ta ce wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka."

"In don a gan su ne, su je kasuwa mana. Can aka fi ganin mutum."

Bai yi dariya ba. Aikin ya hana shi dariya a gaban farar hula.

Kafin mako ya zagayo an kwashe yara zuwa wani tsohon sito na siminti a bayan tasha. Malama Babba ta raba ajujuwa da buhunan da aka ɗinke, sai ya zama in 'yan aji ɗaya suna rera haruffa, 'yan aji shida na amsa musu ba da niyya ba. Ofishinta ya koma na Kanar. Ta taɓa leƙawa ta taga ta ga takalmansa a kan teburin da takan hana yara ko jingina.

Su kuwa sojojin ƙawance sun yi aikin da ya kawo su da gaskiya. Da farko sun yi kwanaki suna gardamar tutar wace ƙasa za ta fi tsawo, sai da aka kira kafinta ya yanke sandunan daidai wa daida. Daga nan duk ranar kasuwa sai su fito da tankokin yaƙi su ratsa babban titi zuwa bakin kogi, su tsaya a ɗauki hoto, su juyo. Ko na ƙetare ya tsorata, babu wanda ya sani. Abin da aka sani shi ne kwaltar titin ta farfashe, bututun ruwan unguwa ya fashe, kuma kajin maƙwabta sun daina ƙwai.

"Kin ga aiki?" in ji Tafinta duk lokacin da ya zo cin abinci gidanta. "Tun da muka zo ko tsakuwa an jefo?"

"Kafin ku zo ma ba a jefo ba."

"Ai da an kusa."

An jefo ɗin wata rana bayan azahar. Malamin Lissafi, wani mutum mai sanyin hali da ya gaji da rubutu a jikin bangon sito, ya roƙi izini ya je tsohon ajinsa ya ɗauko allo. Yana cikin kwance shi daga bango roka ta sauka a kan ginin aji shida. Malama Babba tana sito ta ji ƙasa ta girgiza, ƙurar siminti ta zubo a kan yara. Ta fita da gudu ba takalmi. Ta tarar sojoji sun zaro malamin daga ƙarƙashin kwano da bulo, da ransa, amma ƙafarsa ta hagu ta tashi daga aiki. A asibiti aka ƙarasa yanke ta.

Garin ya ɗauke numfashi yana jira. An taɓa ɗaya, saura a ga duka. Masu shaguna suka rufe, wasu suka tura iyalansu ƙauye. Malama Babba kanta ba ta san abin da take fata ba. Ba ta son yaƙi ya tsallako, amma duk lokacin da ta fito daga asibiti sai ta ji tana son wani ya ji a jikinsa.

Abin da ya zo shi ne kwamiti. Ƙwararru suka sauka daga jirgi mai saukar ungulu, suka auna ramin tsawo da faɗi, suka tsince ƙarafa da safar hannu, suka sha ruwan roba, suka tafi. Bayan an gaji da jira, aka tara jama'a a farfajiyar makaranta. Kanar yana magana, Tafinta yana juyawa.

Ya ce bincike ya nuna rokar ba hari ba ce. Wani wuri aka nufa da ita a can ƙetare, sai ta yi ɓatan kai. Yarjejeniya kuwa hari ta ambata, ba ta ambaci ɓatan kai ba. Duk da haka ƙasashen ƙawance gaba ɗaya sun nuna matuƙar damuwa, kuma suna gargaɗin cewa in aka sake, za su nuna wadda ta fi ta.

Malama Babba ta ɗaga hannu kamar ɗaliba.

"Tambaye shi, ƙafar malamina ita ma ɓatan kai ta yi? In haka ne, yaushe za ta gane hanya ta dawo?"

Tafinta ya juya ya faɗa wa Kanar wata magana gajera. Kanar ya faɗaɗa murmushi, ya dafa ƙirji, ya sunkuyar mata da kai.

Da yamma ta tare ƙanenta a ƙofar gida. "Me ka gaya masa?"

"Na ce kina godiya da kulawa."

"Sannu da aiki."

"Yaya, aikina kike so in rasa?"

Ta ba shi abinci, don ƙanenta ne, amma ba ta zauna tare da shi ba.

Ba a daɗe ba wata rokar ta faɗa ma'ajiyar mai a tashar jiragen ruwa ta babbar ƙasar ƙawancen, wadda ke da mafi yawan tankoki. Ba wanda ya ko ƙwarzane, mai ne kawai ya ƙone. Wannan rokar kam ta san hanya. Tun hayaƙi bai lafa ba aka sanar a rediyo cewa an taɓa ɗaya, don haka kowace ƙasa ta kawo sojojinta.

Ɗanta ya kira ta a waya tana tsakiyar aji.

"Umma, bataliyarmu ce za ta tafi."

Ta fita bayan sito ta jingina da bango. "Ina?"

"Can wajen tashar ruwan. Gadi ne kawai, kada ki damu."

"Gadin me?"

"Tankunan man da suka rage."

Ta so ta faɗi wata baƙar magana, irin wadda ba ta taɓa rasawa ba, amma ta fasa. Ta ce ya riƙe addu'a, ya riƙa kira, ya nemi rigar sanyi don bakin teku ba kamar gida ba ne. Yana kashe wayar sai wata malama ta leƙo ta ce 'yan aji uku sun fara dambe.

Sojojin makarantar ma can aka kira su. Suka naɗe tutoci, suka loda tankoki, suka bar mata buhunan yashi, da gwangwanaye, da wani babban tamfol. Ba su tafi da Tafinta ba, don a can ba a jin yarensa. Ya miƙa rigar sulke, ya dawo gidan yayarsa da tsohuwar rigarsa, yana cewa ai dama shi ya ƙi bin su.

Malama Babba ta maido da yara makarantarsu. Malamin Lissafi ya dawo da sanduna biyu, yana koyarwa a zaune. Da ta ga hadari ya fara haɗuwa, ta je ma'aikatar ilimi neman a rufa mata aji shida daga kason kuɗin gyaran ɓarnar yaƙi. Jami'in ya saurare ta da ladabi, har ya sa aka kawo mata kujera.

"Malama, na tausaya miki ƙwarai. Amma kason nan na makarantun da aka kai wa hari ne. Taki kuwa, kin ji da kunnenki, ba a kai mata hari ba."

"To rufin fa?"

"Sai dai mu sa shi a layin gine-ginen da suka tsufa. Layin da ɗan tsawo."

Ta yi masa godiya, ta fito ta hau mota. Tana isa makaranta ta aro tsani a wajen kafinta, ta jawo tamfol ɗin, ta aika a taso ƙanenta daga barci.

"Hau," ta ce.

Ya dubi tsanin, ya dubi bangon da ya tsage. "Yaya, ni fa ban iya wannan aikin ba."

"Zan riƙe maka."

Ya hau yana gunaguni. Ta riƙe tsanin da hannu biyu, tana nuna masa da haɓa inda zai ɗaure igiya, iska kuma ta fara tashi daga wajen kogi.